Matar da Ɓeraye Suka Ƙwace Mini

Gari na wayewa, kafin ruwan shayina ya tafasa, matata ta riga ta yi wanka da wani sabulu marar ƙamshi, ta ciro kayan aikinta daga akwatin da ba a yarda kowa ya taɓa ba, ta rataya jaka. Sai ta kai bakin ƙofa za ta waiwayo ta ce, "Baban yara, na tafi, suna jirana." Haka take yi tun babbar 'yarmu tana goye, ga shi yanzu ita ma 'yar tana goyon nata. Masu jiran nata kuwa ba majinyata ba ne, ba ɗalibai ba ne. Ɓeraye ne farare masu jajayen idanu, a wani ɗaki na cibiyar binciken magunguna, inda aka ɗauke ta aikin kula da su.

Ni tela ne, rubutu ba sana'ata ba ce. Da ta yi ritaya kwanan nan, yara suka sa ni gaba wai sai na rubuta mata jinjina, tunda ba wanda ya fi ni saninta. Na ce to, zan yi, amma a bar ni in faɗi abin da ke raina. Abin da ke raina kuwa kishi ne. Na yi kishin ɓerayen nan shekara da shekaru, har gobe ina yi, kuma ba na jin kunyar kowa.

Ku ji irin gatan da suke ciki. Ɗakinsu da na'urar sanyaya ɗaki wadda ba a kashe ta, in an ɗauke wuta akwai injin da ke tashi domin su kaɗai. Ni kuwa fankarmu sai an tura ta da sanda take juyawa. Kafin matata ta shiga wurinsu sai ta sake takalmi, ta sa farar riga da hula da safar hannu, ta rufe hanci da baki, don kada ta kai musu cuta. Abokiyar aikinta, wadda suka daɗe tare, ta ce mini da ta buɗe ƙofa sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "Sannunku da kwana, 'yan gidan nan." Daga nan ta bi keji keji. Ta duba idanu, ta duba gashi, ta ga wanda ya ci da wanda ya bar abinci, ta sake musu garin katakon da suke kwana a kai, ta wanke kwalaben ruwansu, ta ɗora kowanne a sikeli. Ni da nake mijinta, ban tuna ranar da aka tambaye ni ko na rame ba.

Ba a wurin aiki kawai abin ya tsaya ba, har gida suka biyo ni. Farkon kama aikinta na sayo mata turare mai kyau, na tela da aka biya kuɗin ɗinki. Ta shinshina, ta yi godiya, ta ce sai dai ranar hutu, domin ƙamshi yana tayar musu da hankali, in hankalinsu ya tashi kuma gwaji ya lalace. Kwalbar nan ta daɗe a saman kabad har turaren ya canza launi. Da ɓerayen kwata suka addabe ni a shago, suka cinye mini yadin mutane, na ce zan kawo kyanwa mu raine ta a gida, in riƙa tafiya da ita. Ta ce sam, warin kyanwa zai kama kayanta, nata ɓerayen su firgita. Wato na can an hana ni turare saboda su, na nan kuma an hana ni maganinsu. 'Yan layinmu suka sa mata Uwar Ɓeraye, ni kuma na zama Mijin Uwar Ɓeraye, har masu kawo ɗinki da sunan suke tambayar shagona.

Amma kishi bai makantar da ni ba. Na san wadda nake aure. Maigadin cibiyar ya taɓa tsayar da ni a ƙofa, ya ba ni labarin ranar da na'urar sanyin ɗakin ta mutu da tsakar rana, a lokacin zafi. Mai gyara ya yi nisa, ɗaki ya fara ɗumi, ɓeraye suka lafe suna haki. Ya ce matata ta aika aka sayo ƙanƙara, ta jera a kwanuka, ta jiƙa zannuwa ta rataya, sannan ita da abokiyar aikinta suka yi ta jigilar kejuna zuwa wani ɗaki mai sanyi, ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. Ko ɗaya bai mutu ba. Maigadi yana ba ni labari yana jinjina kai, ni ma ina gyaɗa nawa. Abin da bai sani ba shi ne, a ranar ce ta yi mini alkawarin raka ni asibiti a duba gwiwata. Ni kaɗai na zauna a benci ina kallon mazan da matansu ke riƙe musu kati.

Gwiwar nan ita ce tushen maganar. Ciwon gaɓoɓi ya kama ni, gwiwoyina biyu suka kumbura suka yi suntum. Tela kuwa ƙafa ce jarinsa: da ita yake taka keke, da ita yake tsayawa ya yi yanka. Na sa wa keken 'yar motar lantarki, amma wuta ba ta zama, kuma motar ba za ta tsaya mini a teburin yanka ba, ba za ta sauko da ni daga benen da muke haya ba. Ƙwayoyin da aka ba ni a asibiti suna sauƙaƙa ciwon, sai dai suna ƙona mini ciki, har likitan ya ce in rage. Aiki ya fara kwana a hannuna. Masu ɗinki suka fara karɓe yadinsu da fara'ar dole. Na san in ba a sami wani abu ba, shagon da na buɗe tun ina saurayi sai na rufe shi.

Ana cikin haka sai ga sabon aiki ya zo ɗakinta. Shugaban binciken, wanda kowa ke kira Likita, ya kawo wani magani da suka haɗa, na rage kumburi, za a gwada shi a jikin ɓeraye. Ta yi mini bayani tana matsa mini gwiwa da ruwan zafi. Za a yi wa kowane ɓera wata 'yar allura a tafin ƙafar baya, ƙafar ta kumbura irin ta mai ciwon gaɓoɓi. Wasu a ɗura musu maganin ta baki kullum, wasu kuma a ɗura musu ruwa kawai. Ita ce mai ɗurawa, ita ce kuma mai auna kaurin ƙafar da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, don a ga ko kumburin yana sauka.

Na ce, "Dakata, Maman yara. Maganin kumburin gaɓa kika ce?"

Ta ce, "Shi ake fata."

"Kuma ke kike riƙe kwalbar?"

Ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da matsa tawul. Ta riga ta san inda na nufa.

Na yi haƙuri na 'yan kwanaki, sannan na fito fili. Na ce ta ɗan tsiyayo mini a 'yar kwalba, ko na cikin cokali ne. Wa zai gane? Ta ce, "Baban yara, ba a san abin da yake yi wa mutum ba. Dalilin da ya sa ake ba ɓera ke nan." Na ce na yarda, in ya kashe ni, ni na jawo. Sai ta ce, "To ko da zan ɗauko, wanne zan ɗauko? Kwalabe biyu ake miƙo mini kowace safiya, ɗaya da shuɗin zare a wuya, ɗaya da ja. Duka ruwa ne garau, ba launi ba wari. Mai haɗawa ne kaɗai ya san wanne ne maganin, kuma ba ya shiga ɗakinmu. Haka tsarin yake, don kada mai awo ya yi son kai."

Na ce, "Ai da sauƙi, kawo duka biyun, in sha ɗaya da safe ɗaya da yamma."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ba wasa nake ba. Da ta ga na haɗe rai ta daina, ta ce, "Ba zan kawo ba. An auna shi daidai bakinsu. In na rage, wani ya sha ƙasa da rabonsa, awo ya yi ƙarya, kuma a kan wannan ƙaryar za a je a ba mutane. Ka yi haƙuri." Na juya mata baya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: matar da ke kwana a ɗakina tana wuni da maganin ciwona a hannunta, tana ɗura wa ɓera.

Da aka yi nisa, ita da bakinta ta ce mini wasu daga cikinsu sun fara sakin jiki, suna hawa jikin keji, wasu kuma har yanzu suna jan ƙafa. Na tashi zaune na ce, "Alhamdu lillahi, yanzu kin san kwalbar. Ido ba mudu ba, ya san kima." Ta ce, "Abin da nake tsoro ke nan." Likita ne ya ƙarasa mini labarin daga baya. Ya ce washegari ta same shi ta ce zuciyarta ta fara zato, kuma wanda zuciyarsa ta yi zato hannunsa zai iya ɗan matse ƙarfen awon a ƙafar wani, ya sassauta a ta wani, bai ma sani ba. Ta roƙa a raba aikin. Abokiyar aikinta ta riƙa ɗurawa, ta kuma riƙa sauya wa kejuna wuri, ita kuma a miƙo mata ɓera ɗaya ɗaya ta auna ba tare da ta ga daga inda ya fito ba. Likita ya ce nan take ya amince. Wato ni ina gida ina addu'ar ta gane kwalbar, ita tana can tana toshe duk hanyar da za ta gane.

Ke ce wannan, Maman yara. Ke ce mai hannun auduga da zuciyar dutse, kuma dukansu biyu na ɗanɗana. Ke ce kike dawowa da yamma a gajiye, ki dafa ruwa, ki durƙusa ki gasa mini gwiwa har sai na yi gyangyaɗi, amma in na sake tayar da maganar kwalba ki ce, "Miƙo ɗayar ƙafar." Wallahi akwai lokacin da na fi son ki yi mini faɗa.

Sai kuma ciwon ya leƙo gidan ta ɗaya ƙofar. Yatsunta suka fara kumbura, na tsakiya da manuni, har zobe ya ƙi fita sai da aka yanke shi. Da safe sai ta tsoma hannu a ruwan ɗumi kafin ta iya ɗaura ɗankwali. Allah ya yafe mini, a cikin tausayin da na ji har da ɗan murna. Na ce a raina, yanzu dai za mu ga ƙarshen taurin kai, tunda abin ya zo jikinta. Na ce mata, "To, ba don ni ba, ki ɗebo don kanki, in ya so ki sammini." Ta ce, "Da naka da nawa duk ɗaya ne, ba namu ba ne."

Abin da ta yi a maimakon haka shi ne ta je ta kai ƙarar kanta. Ta nuna wa Likita yatsun, ta ce hannunta ya daina matse ƙarfen awo iri ɗaya, jiya daban yau daban, don haka a karɓe awon daga hannunta. Ba wanda ya lura, ba wanda ya tambaye ta. Aikin da ta fi alfahari da shi ke nan a duk ɗakin, ta miƙa wa wani ma'aikaci, ta koma wankin keji da sauya ruwa har gwajin ya ƙare. Ta kuma ce da an kammala za ta ajiye aiki, domin ɓera yana bukatar hannun da ba ya rawa.

A makon ƙarshe na ce sai na ga abokan takarar nan tawa da idona. Aka yi mini alfarma, aka zaunar da ni a kujera a bayan wani gilashi, tunda ba a barin baƙo ya shiga. Na hango ta a ciki, cikin farar riga, ba abin da ake gani sai idanunta. Ta buɗe wani keji ta shimfiɗa tafin hannu, wani ɗan fari ya hau da kansa ya zauna yana share fuska. A kejin da ke kusa da gilashin akwai wani da ya hau 'yar ƙaramar tayar da aka sa musu, yana ta gudu a ciki, tayar na juyawa kamar ta kekena lokacin da nake da ƙafa. An ce mini kwanakin baya wannan jan ƙafa yake yi. Na dubi ƙafarsa, na dubi tawa da sandata a jingine. Ban taɓa jin hassadar wani mai rai kamar yadda na ji ta ɗan ɓeran nan ba. Na ce a mayar da ni gida.

Bayan kwana kaɗan ta dawo da la'asar, ta ajiye jaka, ta zauna a bakin gado ba ta cire takalmi ba. An kawo abinci ta ce a rufe. Ni kuwa bakina bai iya shiru ba, na ce, "Yaya 'yan gatan? Mai gudun nan ya kai ina?"

Ta ce, "Yau aka gama da su."

Na ce, "Aka gama me?"

Ta ce, "Baban yara, ina ka zata suke zuwa in gwaji ya ƙare? Sai an duba hanta da ƙoda da ciki, a ga abin da maganin ya yi musu. Ana sa su barci ne, ba sa farkawa." Sannan ta ce, "Da wanda ya warke da wanda ruwa kawai ya sha, duk tafiyarsu ɗaya. Na ce a bar ni in riƙe su, tunda hannuna suka sani. Kada a ce abin da za su ji na ƙarshe hannun baƙo ne."

Ashe duk ƙarshen gwaji haka take dawowa, ni ina cewa gajiya ce. Abokiyar aikinta ta ce mini ba ta taɓa barin wani ya karɓe ta a irin wannan rana ba, ko tana zazzaɓi, kuma kowanne sai ta ce masa, "Mun gode." Ranar ni na dafa ruwa, na zuba a kwano, na kawo mata ta tsoma yatsu.

A ɗan taron sallamar da aka yi mata a ofis, na ja Likita gefe na tambaye shi gaskiyar magana. Mutumin kirki ne, bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce na kwalba mai jan zaren nan ne maganin, kuma ya rage kumburi sosai. Amma akwai abin da suka gani a ƙodar wasu daga cikin ɓerayen da bai kwanta musu ba, sai an sake gyara, an sake gwadawa. Na ce, "To yaushe zai iso irinmu?" Ya dubi sandata ya ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, da sauran tafiya mai nisa, in ma ya iso." Kada wani ya ce mini, ka gani, ta cece ka. Lokacin da ta hana ni ba ta san da zancen ƙoda ba. Ko da maganin ya fito tas ba aibi, hana ni za ta yi, na san hali.

Shagon dai na rufe shi. Na miƙa mabuɗi, aka ɗauko kekena aka hau da shi bene, aka ajiye a gefen taga. Na yi kwanaki ban dube shi ba. Wata safiya sai ta jawo kujera ta ajiye kusa da tawa, ta ce, "Kai kana da yatsu ba gwiwa, ni ina da gwiwa ba yatsu. Zauna." Ta miƙo ƙafa ta ɗora a matakin keken, ni na kama yadi. Da farko abin dariya ne, in na ce tsaya ta ƙara wuta, har muka karya allura. Yanzu kuwa tun kafin in buɗe baki ta san inda kwanar ɗinki take. Na ce a raina, to, a ƙarshe dai na ƙwato matata.

Sai na tambaye ta wa ya kawo wannan farin yadi mai yawa haka. Ta ce ita ta nemo mana aikin. Rigunan masu shiga ɗakin ɓeraye ne, an kawo sababbin ɓeraye, za a sake gwajin. Har ta gargaɗe ni kada in shafa turare ranar da muke ɗinkin.

Na gode miki, Uwar Ɓeraye, uwar 'ya'yana. Na gode da ruwan zafi, na gode da ƙafar da kika ara mini, kuma ko da yake har yanzu abin yana ci mini rai, na gode da kwalbar da kika hana ni. Ku kuma da aka damƙa wa amanar abin da naku ke mutuwar so, ma'aikatan ɗakunan da ba wanda ke leƙawa, ku yi koyi da matar nan, ko da na gida zai juya muku baya. Idan kuma wata rana, kai mai karatu, aka miƙo maka wata 'yar ƙwaya ka haɗiya gwiwarka ta saki, ka sauko daga bene da ƙafarka, ka yi wa wasu fararen ɓeraye fatan alheri, ka yi wa matar da ta riƙe su addu'a. Ni kuwa ba sai ka yi mini komai ba. Ka dai sani akwai wani tsohon tela da ya riga ka nema bai samu ba, kuma yana kishinka tun yanzu.